Kafin ka sayi shokozobar keken hawan dutse

Ni dai suna kaɗai ba ya burge ni, don kamfani kan sauya hannu. Misali, SRAM mai ƙera kayan keke ta sayi RockShox mai ƙera shokozoba a 2002, Fox, ita ma mai ƙera shokozoba, ta karɓi sashen kekunan kamfanin Marzocchi a 2015. Injiniyoyi su tafi, masana'anta ta koma wata ƙasa, tambari yana nan yadda yake.

Saboda haka fara neman lambar da aka buga a jikin ƙarfen, ka duba shekarar ƙirar a shafin kamfanin. Sannan ka tambaya ko robobin da ke tare mai na wannan shekarar suna samuwa. In babu, haƙura kawai. In akwai, danna shokozobar da ƙarfi ka saki. In mai ya jiƙa sandunanta masu shiga da fita ko ka ga ƙarzuwa, a cire maka kuɗin gyara daga farashin.