Ramukan fatar cinya: kurakuran da ke ƙara ɓata abin da ake son gyarawa

Mace takan juya gaban madubi bayan wanka, ta ga fatar cinyarta ko ta mazaunanta ta yi ƙananan ramuka da tudu-tudu. In ta matse wurin da yatsu biyu, sai abin ya ƙara fitowa. Wannan shi ake kira selulit. Daga nan hankali ya tashi, a fara tambayar ƙawaye a ɓoye, a fara zuba kuɗi. Abin da ke damuna shi ne, yawancin ɓarnar da ake gani a fatar matanmu a Garwa da Marwa da Ngaundere ba ramukan ne suka yi ta ba. Maganin da aka nemo musu ne.

Kuskuren farko, wanda ya haifi sauran, shi ne ɗaukar abin a matsayin cuta ko datti da ya taru a jiki. Ba ko ɗaya ba ne. Mata 80 zuwa 90 cikin 100 suna da shi bayan balaga, siririya da mai jiki, wadda ta haihu da wadda ba ta haihu ba. A ƙarƙashin fata akwai kitse, akwai kuma wasu zaruruwa masu tauri da suka ɗaure fatar da naman da ke ƙasa. Kitsen yana turo fata sama, zaruruwan suna janyo ta ƙasa, kamar kujerar kushin da aka ɗinke da maɓallai: inda zare ya ja sai ya lotsa, tsakani kuma ya kumbura. A jikin mace zaruruwan a tsaye suke, a jikin namiji kuwa sun sarƙe da juna, shi ya sa da wuya a ga abin a jikin maza. Gado yana da hannu a ciki, haka sinadaran jikin mace, haka shekaru, domin fata tana raguwa da kauri in an manyanta. Duk wadda ta gane wannan, ba za ta yarda da mai cewa shayinsa zai wanke mata shi ta fitsari ba.

Shayin rage ƙiba ke nan. Yawancinsa maganin zawo ne ko na sa fitsari. Ruwa ne ke fita, kitse da zaruruwa suna nan inda suke. Haka masu naɗe cinya da leda su zauna a rana don su yi gumi. A zafin Maris da Afrilu na Garwa, lokacin da ake haura digiri 40, wannan neman jiri ne da faɗuwa, kuma da an sha ruwa awon cinyar ya koma yadda yake.

Inda na fi so a tsaya a saurara shi ne batun man shafawa. 'Yar'uwa, in kika je wurin mai haɗa mai ta ɗauko miki roba marar suna, marar rubutu, ta ce wannan zai goge ramuka ya kuma ƙara miki haske, ki ajiye mata abinta. Irin wannan haɗin galibi yana ɗauke da hydroquinone, wato sinadarin bilicin, ko wani maganin kumburi mai ƙarfi irin clobetasol, wanda likita ke rubutawa na ɗan lokaci don cutar fata. Shafa shi wata da watanni yana cinye kaurin fata. Da farko za ki ga santsi da haske, ki ce an dace. Bayan wani lokaci fatar ta yi laushi fiye da kima, jijiyoyi su fara nunawa kore-kore, nankarwa mai faɗi ta tsage cinya da hammata, ramukan da ake son ɓoyewa kuma su fito fili, tunda mayafin da ke rufe su ya yi siriri. Nankarwar da wannan mai ya jawo ba ta komawa gaba ɗaya. A watan Agustan 2022 ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta haramta shigowa da kayan shafa masu ɗauke da hydroquinone da mercury (wani ƙarfe mai guba), da haɗa su, da sayar da su, amma har yanzu ana samunsu a hannun masu talla da kuma a WhatsApp.

Akwai mai na farmasi da ke ɗan taimakawa, sai dai a san iyakarsa. Mai ɗauke da sinadarin kafeyin yana ɗan ɗame fata na wani lokaci, da an daina shafawa abin ya dawo. Mai ɗauke da retinol, wani nau'in bitamin A, yana iya ƙara wa fata ɗan kauri, amma sai an jure kusan wata 6 kafin a ga wani canji, kuma mai ciki ba ta shafa shi. Dilka da halawa da man kaɗanya kuwa, ina ganin darajarsu: suna cire matacciyar fata, suna sa laushi da sheƙi, amarya ta fito tsaf. Aikinsu a saman fata ya tsaya. Tausa ma haka, tana sa wurin ya yi sumul na ɗan lokaci. A yi su don daɗinsu da kyansu, kada a biya kuɗin alkawarin da ba za su cika ba.

Sai masu tafiya ta ɗaya ɓangaren, waɗanda ke ganin in jiki ya cika ramukan za su cike. Su ne ke shan sha-ka-fashe, wato ƙwayoyin ƙiba irin dexamethasone da cyproheptadine. Ƙarin kitse ƙarin turowa ne, saboda haka ramukan zurfi suke ƙarawa. Dexamethasone kuma yana kumbura fuska da ciki, yana rage naman cinya da kaurin fata, yana jawo hawan jini da ciwon suga. Wadda ta daɗe tana shansa kada ta yanke shi rana ɗaya, domin hakan ma haɗari ne. Ta je likita ya rage mata shi sannu a hankali, kuma ta faɗa masa gaskiyar abin da take sha da tsawon lokacin da ta yi a kai.

Horon yunwa ma ba ya fitar da mace. Ramewar gaggawa tana cin nama tare da kitse, fata ta saki, abin ya ƙara bayyana. Wanda ke aiki shi ne wanda ba a so a ji, don ba ya sauri: gina naman cinya da na mazaunai, yadda fata za ta sami abu mai tauri da za ta kwanta a kai. Ba sai an je gidan motsa jiki ba. A tsakar gida, bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga, ki tsaya ki ware ƙafa daidai faɗin kafaɗa, ki sauka kamar za ki zauna a kujera, bayanki a miƙe, duga-duganki a ƙasa, sannan ki tashi. Ki yi 10, ki huta, ki sake sau biyu. Ki hau dakali ki sauka da ƙafa ɗaya, ki canza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da kwana 2 na aikin ƙarfafa nama. Tafiyar ƙafa mai sauri zuwa kasuwa tana cikin lissafi, in an haƙura da hawa babur. A rage lemon kwalba da shayi mai tarin suga da soye-soye, a sassauta gishiri da dunƙulen miya, a bar shisha da taba, don suna lalata abin da ke riƙe ƙarfin fata. Wannan yana rage bayyanar ramukan cikin watanni. Ba ya share su kwata-kwata, kuma gara a faɗa tun yanzu.

Masu hali da ke tunanin tiyatar zuƙe kitse su sani ba ta maganin selulit, tana ma iya ƙara lotsawar. Aikin da ke taɓa tushen abin shi ne wanda ƙwararren likitan fata ke yanke zaruruwan da ke jan fata. Ko a Amurka, wata allura mai suna Qwo da aka amince da ita a 2020 don wannan matsala, kamfaninta ya daina yin ta a ƙarshen 2022 saboda taruwar jini da tabon da take bari. To ina ga allurar da wata za ta yi miki a shagon gyaran jiki, ba ki san abin da ke cikin sirinjin ba?

Akwai kuma ruɗanin da ya fi duk waɗannan haɗari. A asibitocinmu da ake aiki da Faransanci, wannan suna na selulit ana kiran wata cuta daban da shi, wadda ƙwayoyin cuta ke shiga ƙarƙashin fata ta wani rauni ko tsagewar tsakanin yatsun ƙafa. Ramukan da muke magana a kansu ba sa zafi, ba sa ja, ba sa kawo zazzaɓi, kuma a ɓangarori biyu suke. In ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi in an taɓa, tana ciwo, fatar ta yi ja ko ta ƙara duhu tana sheƙi, ga zazzaɓi da rawar sanyi, wannan ba na dilka ba ne, ba na tausa ba. A je asibiti a ranar, musamman in mai ciwon suga ce, domin maganin kashe ƙwayoyin cuta take buƙata, kuma jinkiri yana iya sa cutar ta shiga jini.