Kurakuran da masu fara ajiyar abinci a gida suke ta maimaitawa

Duk shekara labarin ɗaya ne. Da kaka magidanci zai tattara 'yan kuɗinsa ya sayo masara buhu uku da wake buhu ɗaya, ya jingine su a lungun ɗaki yana murna ya huta da awo. Kafin bazara a kwance waken a tarar ƙwari sun mayar da shi gari, masarar gindin buhu kuma ta yi baƙi tana wari. Sai a ce ajiya ba ta da amfani, gara a koma awon kullum. Alhali wanda ya ga kullen korona na 2020 da ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya san bambancin gidan da ke da hatsi da wanda ba shi da shi. Abubuwan da ke lalata ajiya 'yan kaɗan ne, kuma su ne dai ake ta maimaitawa.

Na farko, wanda ya fi cin dukiyar mutane, shi ne ɗure hatsin da bai gama bushewa ba. Sabuwar masarar da ke fara shigowa kasuwa a watan Satumba da farkon Oktoba ta fi araha, amma ruwa kake saye a cikinta. Masara ba ta ajiyuwa sai danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100 ko ƙasa da haka, gyaɗar da aka ɓare kuwa sai wajen kashi 7 zuwa 8. Mai sayarwa zai ce maka “wallahi ta bushe ƙayau”, ka ciza ƙwaya ɗaya ka ji ƙas, ka yarda. Cizo bai isa shaida ba. Ka samu kwalbar gilashi busasshiya mai murfi, ka zuba hatsin zuwa kashi ɗaya cikin uku, ka ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da aka shanya ya bushe sosai, ka girgiza na minti ɗaya, ka bar ta minti goma sha biyar, ka sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin nan da sauransa. A baza shi a kan tamfol, kada a ƙasa tsirara, kaurinsa kada ya wuce tsawon yatsa, a riƙa juyawa, kwana biyu ko uku a rana mai kyau. Kuma kada a ɗure shi da zafinsa. A bari ya huce a inuwa tukuna, don hatsi mai zafi yana gumi a cikin leda.

Abin da ya sa nake tsananta wannan ba asarar kuɗi kaɗai ba ce. Funfunar da ke kama masara da gyaɗa masu danshi tana fitar da guba mai suna afulatoksin, wadda ke lalata hanta, tana jawo kansar hanta, tana kuma tsumburar da yara. Dahuwa ba ta kashe ta. A 2004 a gabashin Kenya mutum 125 suka mutu daga cin masarar da aka ajiye da danshi. Don haka uwargida, ki daina cewa “a wanke a surfa a niƙa, ai wuta za ta ci”. Masarar da ta canja launi, ta yi kore-kore ko baƙi, ko gyaɗar da ta yamutse tana ɗaci, a tsince a binne. Kada a bai wa kaji, kada a bai wa saniyar tatsa, domin gubar tana biyo nono.

Kuskure na biyu shi ne wanda ke sa raina ɓaci, domin wannan rai yake ɗauka: zuba guba a abinci da sunan maganin ƙwari. Za ka ga mutum mai hankalinsa ya ɗauko fiya-fiya ko Sniper ya yayyafa a kan waken da 'ya'yansa za su ci. Sinadarin da ke cikinsu, dikulobos, ba a yi shi don a jiƙa abinci da shi ba. Saboda yawansa a wakenmu ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Baƙi sun ƙi ci, kai kana ɗura wa iyalinka da hannunka. Haba malam!

Ƙwayar hatsi, wato Phostoxin da ire-irenta, ta fi wannan haɗari a cikin gida. Ƙwayar nan da ta shaƙi danshin iska sai ta fara fitar da iskar gas mai kisa, kuma babu allurar da ke karya ta in ta shiga jiki. An yi ta ne don rumbun da aka toshe ruf, nesa da mazauni, a hannun wanda ya koyi aikin, a bar wurin a rufe aƙalla mako guda. Me ake yi a gidajenmu? A cusa ƙwaya ɗaya ko biyu a buhun saƙa mai ƙofofi ta ko'ina, a jingine shi a ɗakin da yara ke kwana, ko a sito mai haɗe da ɗakin kwana ta saman rufi. Iskar ta bi ta fita, ƙwarin ma ba su gama mutuwa ba, mutanen gida su tashi da amai da ciwon kai da toshewar ƙirji, a ce maleriya ce ko iskokai. Ƙananan yara ne ke fara tafiya. Sannan tokar da ƙwayar ke bari ta gauraye da hatsin a niƙa tare. Ni hukuncina a kan wannan ɗaya ne: ƙwayar hatsi ba ta shiga gidan da mutane ke kwana, ko da mai shagon maganin ya rantse cewa kowa haka yake yi.

To da me za a kashe ƙwarin? Da hana su iska. Ƙwaron wake tun daga gona yake zuwa, ƙwansa na manne a jikin waken, kuma cikin mako uku zuwa huɗu sabon zubi ya ƙyanƙyashe ya sake yin ƙwai. Shi ya sa wake mai kyan gani a Nuwamba yake zama rariya a Maris. In ka rufe shi inda iska ba ta shiga, su da kansu za su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu. Buhun PICS, wanda masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro kuma aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu a 2007, aikinsa ke nan: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Amma shi ma ana ɓata shi. A fara hura kowace leda a matsa a tabbatar ba ta da huji. A sheƙe waken a cire tsinke da tsakuwa, don su ne ke fasa leda. A zuba, a bar wurin ɗauri, a matse iskar, a murɗa bakin ledar ciki a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje. Ɗauri uku daban-daban, ba a haɗa su a ƙulle lokaci ɗaya. Kuma ba a buɗe shi kowace Juma'a a ɗebi na alale. Ni na fi son in ware na cin wata biyu daban, sauran ba mai taɓa shi.

Ga ƙaramin gida, jarka ta fi min buhu. Jarkar man gyaɗa mai lita 25 tana ɗaukar wake kusan kilo 20. A wanke ta da sabulu, a kife ta a rana kwana biyu har ta bushe ƙwarai, a cika ta har wuya ana bubbuga gindinta don ya zauna, a shimfiɗa leda a baki sannan a murɗa murfin. Rabin jarka ba ya aiki, iskar da ke sama ta ishi ƙwari rayuwa. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko kalanzir ko maganin feshi kuwa, ko an wanke ta sau goma ba ta ɗaukar abinci. Tsohuwar dabarar iyayenmu ta gauraya wake da tankaɗaɗɗiyar toka, kwanon toka ga kwanon wake, har yanzu tana aiki in abin bai da yawa.

Akwai kuma masu saye ba lissafi. Kafin ka je Dawanau ko kasuwar ƙauye, ku zauna da uwargida ku auna abin da gidan ke ci na mako biyu. Gidan da ke cin tiya ɗaya a rana yana cin tiya 30 a wata, kuma in buhu tiya 40 ne, shekara tana buƙatar buhu tara da 'yan kai. Wannan lissafin ne ke tsorata mutane su fasa, ko su ciwo bashi su saya gaba ɗaya. Duka biyun kuskure ne. Ka fara da abincin wata ɗaya a kan na kullum: duk sanda aka yi awo a ƙara tiya biyu a ajiye. In wata ɗaya ya tsaya da ƙafarsa, a nufi uku. Babban saye a bari sai hunturu ya kankama, daga tsakiyar Nuwamba zuwa Janairu, lokacin hatsi ya bushe kuma farashi bai fara hawa ba. Kuma abin da gidan ke ci za a saya. Buhun dawa a gidan da yara ba sa cin tuwon dawa abincin ƙwari ne.

Kada a niƙa da yawa. Tsaba tana shekara, gari ba ya yi. Garin gero musamman, saboda maiƙon da ke cikinsa, kwanaki kaɗan yake fara ɗaci. Gero a daminsa da dawa a zangarniyarta sun fi sussukakke daɗewa, shinkafa shanshera ta fi gyararriya. Wanda ke da wuri ya ajiye su haka.

Buhu ba ya kwana a kan siminti, ba ya jingina da bango. Siminti yana tsotso laima da damina. A jera katako ko bulo, a bar tazarar da mutum zai iya zagayawa da tsintsiya, ta nan za ka ga kashin ɓera da hanyar gara tun da wuri. A duba kwanon rufin kafin ruwan farko. Kada a ɗora sabon hatsi a kan ragowar tsohon, kuma tsohon buhu a juya shi a kakkaɓe a shanya kafin a sake amfani da shi. A rubuta wata da shekara a jikin kowane buhu, a fara cin wanda ya riga shigowa.

Hatsi ba ya ciwuwa gaya. Mutane su tara masara su manta da miya, ranar da babu kuɗin cefane a rasa yadda za a yi. Da rani tumatir da tattasai suna arha: a yanka a shanya a kan tabarma a sama, nesa da ƙura da awaki. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, barkono, gishiri, kanwa, duk a robobi masu murfi. Manja da man gyaɗa a wuri mai duhu da sanyi, kuma na wata uku zuwa shida ya isa, fiye da haka suna fara maƙaƙi. Albasa ba ta son leda, a baza ta a inda iska ke ratsawa, a riƙa tsince mai laushi duk mako. Bishiyar zogale biyu a tsakar gida da kaji biyar suna rage cefane fiye da yadda ake zato.

Sai makullin sito. Ya zama a hannun mutum ɗaya, da kwanon awo ɗaya da ba ya canjawa. Rabon 'yan'uwa da maƙwabta da almajirai a ware shi tun ranar da aka sauke kaya, a buhunsa daban kusa da ƙofa, don kada kowane mai sallama ya sa a kwance ɗaurin wanda aka rufe.