Borrow da lend: wa ke bin wa?

A wani otal da ke unguwar Misfala a Makka, inda na yi aikin karɓar baƙi a lokacin Umarar azumi, an taɓa yin rigima a kan riyal 300. Wani ƙanenmu ɗan Katsina ne ya ranta wa abokin aikinsa ɗan Filifin kuɗin. Wata ya ƙare, albashi ya shigo, shiru kake ji. Da haƙurinsa ya ƙare sai ya tura wa mudir, wato manajan otal ɗin, saƙo ta WhatsApp: "I borrowed him 300 riyals." Mudir ɗan Indiya ne, Turancinsa na makaranta. Yana ganin borrowed ya sa aka kira yaron, ya ce masa ya je ya biya mutum kuɗinsa kafin Juma'a. Yaron ya same ni a bayan kanta idonsa jawur, ya ce: "Yaya, ni fa nake binsa, amma ni ake cewa in biya." Na ce ya nuna mini saƙon. Ashe da hannunsa ya rubuta cewa shi ya ci bashin.

Ban ga laifinsa sosai ba, domin Hausa ce ta ja shi. A wurinmu tushe ɗaya ne ke ɗaukar mai bayarwa da mai karɓa. Na ari littafi, ko na aro littafi: ni na karɓa. Na ara masa littafi: ni na bayar. Rance ma haka: na ranci kuɗi, na ranto kuɗi, na ranta masa kuɗi. Wasalin ƙarshe da ɗan "masa" ɗin nan su ke nuna inda kaya suka nufa. Larabcin da ke shiga kunnenmu kullum a Makka da Jidda shi ma hanyar da ya bi ke nan. Kana so a ranta maka ka ce sallifni, in kai ka ranto ka ce tasallaft. Ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Madina kuwa sun haddace a'ara da ista'ara, aƙrada da iƙtarada. To wanda ya taso a Kano da wanda aka haifa a Shari'a Mansur a Makka, duk sun saba da kalma ɗaya mai fuska biyu, sai su ɗauka borrow ma za ta juya in an liƙa mata me ko him.

Ba ta juyawa. Borrow karɓa ce kawai, lend bayarwa ce kawai. Kafin ka buɗe baki, dubi wanda ka sa a farkon jimla: in kaya hannunsa za su shiga, borrow, in daga hannunsa za su fita, lend. Abin da yaron ya so ya ce shi ne "I lent him 300 riyals", ko kuma ya fara da ɗan Filifin ɗin ya ce "He borrowed 300 riyals from me". Ka lura da from. Ita ce abokiyar tafiyar borrow, kuma ta bayanta ne mai kaya ke shigowa. Lend kuwa tana ɗaukar mutum kai tsaye, "lend me your pen", ko ta biyo da to, "lend your pen to me".

Wanda aka fi ji a bakinmu shi ne "borrow me your charger". A Legas ko a Sabon Gari babu wanda zai ɗaga kai, domin a Turancin Buroka haka ake faɗa, kuma ba abin kunya ba ne a can. Amma a nan da ɗan Pakistan kake magana, da ma'aikaciyar jinya 'yar Kerala ta Indiya, da mai duba takardar jarrabawar Turanci ta IELTS wanda jan biro ne a hannunsa. Gyaran hanya biyu ne: "lend me your charger", ko "can I borrow your charger?" Ni na fi son ta biyu. Ta fi taushi, kuma tana koya wa harshe ya riƙa sa I kusa da borrow, inda ya dace. Akwai ma abin dariya a ciki. Turawa na sa mutum kai tsaye bayan borrow, amma a lokacin mutumin ne ake ara. In mudir ya leƙo ya ce "can I borrow you for a minute?" yana nufin ka bar abin da kake yi ka zo ya sa ka wani aiki. Saboda haka mai cewa borrow me, in aka bi maganar a zahirinta, cewa yake yi "are ni".

Wani malamin da ya koya mini Turanci ya ba ni abin tuni da har yau ban manta ba. Borrow ta samo asali ne daga wata kalmar tsohon Turanci, borg, wadda ke nufin jingina. Wa ke ba da jingina? Mai karɓar bashi. Maganar furuci kuma: mutumin Ingila na faɗinta kusa da "boro", Ba'amurke kusa da "baro", kamar baron da ake turin kaya da shi a kasuwa. Duk wanda ka ɗauka za a fahimce ka.

Lend ba ta karɓar ed. Jiya "lent" ne, ba "lended" ba. Borrow ce ke zama borrowed.

Akwai inda Hausa ta fi Turanci tsefe magana, kuma nan ma ana tuntuɓe. Mu mun raba aro da rance. Tsani, tabarma, tukunyar biki, aro ne, domin abin da ka karɓa shi za ka mayar. Kuɗi, mudun shinkafa, gwangwanin sukari, rance ne, domin ka cinye, kwatankwacinsa za ka biya. Littattafan fiƙihu ma sun ware wa ariya babi, sun ware wa ƙard nasa. Turanci bai damu da wannan ba: da borrow ake aron tsani, da ita ake rancen riyal 1,000. Na ga masu koyo suna neman kalmar rance ta musamman har su faɗa kan loan, su ce "I loaned from the bank". Loan suna ne na bashin kansa, ana cewa "I took out a loan". Amurkawa na amfani da ita a matsayin aikatau, amma a lokacin ma'anarta lend ce, wato banki ne ya yi loan, ba kai ba.

Abin da Turanci ya ware shi ne haya. In za ka biya kuɗin amfani, ka fita daga borrow. Motar da ka ɗauka a kamfani a filin jirgin Jidda, ko ɗakin da kake biya a Aziziyya, rent ne. Abin da ba ya ɗaukuwa kuwa use ake ce masa. Baƙo ya ce "can I use your bathroom?" In ya ce borrow, sai mai gida ya yi mamakin inda zai kai banɗakin.

Sai owe, wadda ita ma ke kifar da mutane ta hanyar da borrow ke yi. Bahaushe ya fara da mai kuɗi: ina binsa riyal 300. Bature ya fara da wanda ake bi: "he owes me 300 riyals". Wanda ya tsaya a kan "ina" ya ce "I owe him" ya sake ɗora wa kansa bashin da ba nasa ba. "He is owing me" kuma Turancin gida ne, a rubutu a bar shi a owes. In lokacin biya ya zo, kuɗi pay back ake yi, kaya kuma give back ko return.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, kuma da yawanmu a nan saƙon waya ne takardarmu. A daren nan na zaunar da yaron muka sake rubutawa, jimla biyu kacal: "I lent him 300 riyals last month. He still owes me." Mudir ya kira ɗan Filifin ɗin washegari, bai yi musu ba, ya biya kashi biyu. Bayan sati guda yaron ya tsaya a gabana ya miƙo hannu, ya buɗe baki ya ce "Yaya, borrow...", ya yi shiru, ya sosa ƙeya, sannan ya ce da Hausa, "Don Allah ara mini caja."