Yadda na shawo kan kukan zane a gidanmu

Alhamdulillah, abin ya warware. 'Yata mai shekara 4 da an ce ta zana kaza sai kuka, ta yage takarda wai nata bai yi kama da nawa ba. Na sayo mata fensir masu kala a kasuwar Garwa, a banza. Na kunna mata bidiyo a waya, kallo kawai ta yi. Riƙe mata hannu kuwa shi ya fi ɓata ta.

Ashe laifina ne, ina zana nawa da kyau lokaci guda ita kuma fensirin ya yi mata siriri yana zamewa.

Ga abin da ya yi aiki: na ajiye takarda, muka koma kan allo da farar alli, na karya allin biyu don guntu ya fi zama a yatsunta. Ni kuma na koma hannun hagu, nawa ma ya fito a karkace har ta yi dariya. Layi ɗaya nake ja in tsaya sai ta ja nata: babban ƙwai, ƙaramin ƙwai a sama, baki, ƙafa biyu. Minti 10 bayan la'asar, ba ƙari.

Kwana 3 muka koma takarda. Jiya ta ce "Baba, taka kazar gurguwa ce."