Yaron da Bai Zauna da Wuri Ba: Yadda Za Ki Taimaka Masa a Gida

'Yar'uwa, in yaronki ya wuce wata 9 bai zauna da kansa ba, ko ya kai wata 18 bai taka ba, ko kina tafi a bayansa ba ya waiwayowa, kada ki tsaya jiran "zai yi". Ki kai shi asibiti a duba. A ɗan asibitin da nake aiki a ƙasar Ringim, yawancin irin yaran nan tarihinsu ɗaya ne: doguwar naƙuda, ko shawarar da ta kama jariri a satin farko, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ciwo ne, ba aljanu ba. Yana sosa mini rai in ji an ce wa yaro ɗan ruwa, a ajiye shi a ƙuryar ɗaki.

Ki fito da shi tsakar gida. Ki zaunar da shi cikin baho, ki tokare shi da zannuwa ta baya da gefe, yana kallon masu daka da yara. Wani lokaci ki kwantar da shi rub da ciki, ki naɗe zane ki sa a ƙarƙashin ƙirjinsa, ki riƙa kaɗa gwangwani mai tsakuwa a gabansa, zai yi ƙoƙarin ɗaga kai. In kin goya shi, ki ware ƙafafunsa, musamman in suna sanƙarewa suna harɗewa. Wanda ya fara tsayuwa, babansa ya kafa masa sanduna biyu a jere, daidai ƙugunsa, ya riƙa dafawa.

Wajen abinci na fi tsorata. Ki daina ɗura, don Allah. Yaron da haɗiya ke ba wahala, kunu yana iya bin hanyar numfashi ya zama ciwon haƙarƙari. Ki zaunar da shi, haɓarsa ta ɗan sunkuyo, kunun ya yi kauri, ki sa masa garin ƙuli-ƙuli ko na waken suya, cokali kaɗan-kaɗan. Sai ya haɗiye ki ƙara. Zai ɗauki lokaci, ki bari a kama miki sauran aiki.

Ki riƙa yi masa hira: "Ga ruwa, Abba. Za ka sha?" Sai ki yi shiru ki jira. Ko ido ya juya, amsa ce, ki yaba masa.

In yana farfaɗiya, ki kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, a nisanta shi da murhu da rijiya. Akwai maganinta a asibiti, kuma ba a fashin shansa.

Ki nemi takardar turawa zuwa sashen gashi, wato inda ake motsa gaɓoɓi, a Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse ko Asibitin Malam Aminu Kano. Ki ce su nuna miki motsa gaɓoɓin da hannunki, domin ke za ki riƙa yi kullum. Ki tafi da maigida ko kakar yaron su ma su koya, kuma kada ki manta da katin rigakafinsa.