Yadda Ake Raba Tsohuwar Akori-Kura da Tsatsa Kafin a Kai ga Fenti

Kafin ka sayi ko sanfefa ɗaya, kai motar wajen wanki mai rami a wanke ƙarƙashinta da ruwa mai ƙarfi, ka bar ta ta bushe kwana biyu. Tsohuwar akori-kura, ko Peugeot 504 ce irin ta haɗin Kaduna ko Hilux da ta sha hanyar ƙauye, ƙasanta a daskare yake da laka da baƙin mai, kuma ƙarƙashin wannan dattin ne za ka gane ko motar ta cancanci a kashe mata kuɗi.

Shiga ramin da tocila da ƙaramar guduma da sukundireba. Bi cesis, wato ƙarafan ƙarƙashi da ke ɗauke da motar, tun daga gaba har baya kana ƙwanƙwasawa, musamman inda sifirin ya kama da inda bodi ya zauna. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi tas, wanda ya ciwu kuwa sai ka ji dum, ɓawo yana zubowa. Idan sukundireba ya huda cesis, ajiye maganar fenti gefe, aikin mai walda ne, da ƙarfe mai kauri daidai da na asali, wajen milimita 3. A jikin bodi kuma nemi mayen ƙarfe, ko na tsohuwar sifika, ka naɗe shi a ƙyalle ka bi ƙasan ƙofofi da bakin madigadi. Duk inda ya ƙi kamawa, wani ya taɓa cusa fila, wato kwaɓin da ake cike lotsawar bodi da shi, a wurin, kuma da wuya ka tone ka tarar da ƙarfe mai kyau.

Tsatsar sama ita ce wadda ta yi ja-ja a fuskar ƙarfe amma ba ta ci shi ba. Idan ka goga sanfefa lamba 80 ƙarfen ya fito fari sumul, ita ce. Idan ya fito da ƙananan ramuka baƙaƙe, ta fara nutsewa, sai an haɗa da magani. Idan ta huda, ba abin da za a yi sai yanka da faci.

Mu nan Kano ba gishirin teku ne ke cin motocinmu ba, kayan da muke ɗorawa ne. Takin zamani yana jan danshi ya riƙe, haka gishiri da kanwa da fatu masu gishiri da kashin kaji, balle fitsarin dabbobin da ake ɗaukowa daga kasuwar Wudil. Shi ya sa daɓen bayan motar da kusurwoyinsa suke fara lalacewa. Sai ƙasan direba, inda ruwan Agusta ke shiga ta tsohuwar robar gilas ya kwanta ƙarƙashin shimfiɗa har damina ta wuce, da mazaunin batir, inda ruwan batir ke ɗiga. Ɗaga shimfiɗar ka duba, kada ka yarda da ido daga nesa.

Lokacin aikin ma a zaɓe shi. Da damina ƙarfen da aka kankare da yamma kan wayi gari ya yi ja. Tsakiyar hunturu iska a bushe take, ƙarfe yana so, amma ƙura tana ɓata fenti. A ganinmu ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi, ruwa ya ɗauke, hazo bai yi kauri ba.

Yawancin kayan aikin ana samunsu a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari: injin gurza ƙarfe da buroshin waya da faifan sanfefa lamba 60 ko 80, sanfefar hannu lamba 80, 180, 320 da 400, maganin tsatsa mai asid ɗin fosforik lita ɗaya, tina (ruwan tsinka fenti), fila da hadinarta (sinadarin da ke sa ta daskare), da firaima (shafin farko da ake yi wa ƙarfe kafin launi). Kada ka manta tabarau, domin buroshin waya yana cilla silinsa idan ya tsufa, kuma ido yake nema.

Cire bamba da fitilu da madubi da robobin ƙofa. Mutane da yawa salatif kawai suke liƙawa a kan roba su wuce, alhali tsatsar a ƙarƙashin robar take kwance. Wanke bodin da omo, sannan ka goge maiƙo da ƙyalle mai tina kafin ka fara gurza, in ba haka ba injin zai tura maiƙon cikin ƙarfe, daga baya fenti ya riƙa buɗe ƙananan idanu.

Ɗauki fanel ɗaya a rana, kada ka tuɓe motar gaba ɗaya. Fara da buroshin waya ya kwashe ɓawo, amma kada ka tsaya nan. Buroshi yakan goge tsatsa ta yi sheƙi har ka ɗauka ƙarfe ne. Bi da faifan sanfefa har ƙarfe ya fito fari, ka wuce iyakar tsatsar da kamar yatsu uku ta kowane gefe, saboda tana rarrafawa ƙarƙashin fentin da kake gani lafiya lau. Kada ka danna injin, kada kuma ka daɗe a wuri guda. Ƙarfen bodi bai fi milimita ɗaya ba, da ya yi zafi sai ya lanƙwashe, musamman bonet da rufi. In ka ga ya fara shuɗi, ka wuce gona da iri. Gefen tsohon fentin kuma a lallashe shi da lamba 180 har yatsa ya bi bai ji tudu ba.

Inda ramuka suka rage, shafa maganin da buroshi. Asid ɗin yana juya tsatsar ta koma wani baƙin abu da ya daina ci. Siririyar tsatsa kawai yake iya yi wa haka. Idan ka shafa shi a kan ɓawo mai kauri, saman zai yi baƙi, ƙasan yana nan da ransa. Kada ka shafa a rana tsaka, zai bushe kafin ya yi aiki. Bi lokacin da aka rubuta a gwangwanin, sannan ka wanke ragowar sosai idan irin wanda ake wankewa ne, ka busar nan take da iskar kwamfireso, ka sake bi da sanfefa. Ragowar asid ɗin da aka bari ita ce ke hana firaima kamawa, wata uku sai ka ga tana ɓantarewa.

Wurin da ya huje a yanke shi har inda ƙarfe ke da kauri, a yi faci da falle mai milimita 0.8 zuwa 1 a bodi, 1.5 a daɓen baya. Cire kan batir kafin a kunna walda, in kusa da tanki ne a sauke tankin. Ka ce wa fanel bita ya haɗa baki da baki, kada ya ɗora sabon falle a kan ruɓaɓɓe, domin tsakanin biyun ruwa zai kwanta. A riƙa ɗiga waldar nan da can ana barin ta ta huce. Bayan facin kuma, ɓangaren da ba a gani, shi ma a shafa masa firaima, don daga nan tsatsa ke dawowa.

Duk ƙarfen da ka kankare, a rufe shi a ranar. Ko tafin hannu kada ka ɗora masa, gumi gishiri ne. Firaima mai ifoksi ita ce ta fi, saboda ruwa ba ya ratsa ta. Haɗi biyu ce, wata ɗaya da ɗaya, wata huɗu da ɗaya, sai ka karanta gwangwanin, kada ka auna da ido. Fesa sau biyu, da tazarar minti 15. Jar firaimar nan da ake shafa wa ƙyauren gida tana da arha, za ta iya zama a cesis, amma kada ta hau bodi: fentin mota mai ƙarfi yana tayar da ita ta yamutse. Firaima mai launin ruwan toka ta gama-gari kuwa tana shan ruwa. Motocin da kake gani suna yawo wata da watanni da firaima kawai, tsatsa na ci a ƙarƙashi.

Fila don daidaita fuska aka yi ta, ba don toshe rami ba. Kaurinta kada ya wuce milimita 3. In lotsawar ta fi haka, a fara bugo ta. Hadina kashi 2 cikin 100 ake sawa, wato a fila cike da babban cokali huɗu ɗan layi siriri ya isa. Idan ta yi yawa sai ta ɓullo ta ɓata launin fenti, idan ta yi kaɗan filar ba za ta bushe ba, ta riƙa toshe sanfefa. A zafin Kano minti uku zuwa huɗu kake da su kafin ta daskare, don haka kwaɓa kaɗan-kaɗan a kan falle mai tsabta, ba kwali ba. Goge da lamba 80 a naɗe jikin katako mai faɗi, ka gama da 180. A bushe ake gugar fila. Masu jiƙa sanfefa a bokiti suna goga ta suna shayar da ita ruwa ne, sai bazara ta zo rana ta dafa fentin ya yi ƙuraje.

Daga nan sai firaima mai cikewa sau biyu ko uku. Idan ta bushe, yi mata ɗan yayyafin baƙin fenti, ka goge da 320 sannan 400. Inda baƙin ya maƙale akwai kwari, a gyara. Kafin launi, gwada tsohon fentin da ya rage da ƙyalle mai tina a wani lungu. In ya narke ya biyo ƙyallen, sai an rufe shi duka da firaima ko an kankare shi.

Ranar feshi a fara da sassafe, kafin iska ta taso, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Zubar da ruwan da ya taru a tankin kwamfireso, domin shi ne ke fita tare da fenti ya bar ɗigo. Riƙe bindigar fentin santimita 15 zuwa 20 daga bodi, kowane layi ya hau rabin na baya, a bar minti 10 zuwa 15 tsakanin shafi da shafi. Akori-kura mai gida ɗaya takan ci kusan lita huɗu na launi idan har da cikin baya. Fenti mai hadina yana da guba mai lahani ga huhu, takunkumin ƙyalle ba ya tare ta, sai abin kare numfashi da aka yi musamman don feshin irin wannan fenti.

Saura ciki da ƙarƙashi. A ƙasan kowace ƙofa akwai ƙananan huji na fitar ruwa, zura waya ka buɗe su, ka tabbata fila ko fenti bai toshe su ba. Mazaunin batir a wanke shi da ruwan bekin soda, irin wadda ake sawa a kwaɓin fulawa, kafin firaima, ya kashe asid ɗin. Fesa baƙin mai a ƙarƙashin mota, kamar yadda aka saba a wajen wanki, yana ɗan tare tsatsa, amma yana kumbura robobi yana tara ƙasa, kuma in ya taɓa birki matsala ce. Gara baƙin fentin ƙarƙashi a kan firaima, cikin ƙofofi da ramin cesis kuma a fesa kakin da aka yi don haka. Daɓen baya a shimfiɗa masa katako ko roba mai ɗaguwa, duk ranar da aka ɗauko taki ko dabbobi a ɗaga a wanke a ranar, a ajiye motar gabanta ya ɗan fi bayanta tudu don ruwan ya tsiyaye ta ƙofar baya.