Yadda ake farautar talotalon daji a Amurka, ga mai son gwadawa

Shekaranjiya a fada nan Tahoua muna shan shayi wani ƙanen abokina da ya ci lotorin biza zai tafi Amurka ya ce mani yaya, wai da gaske ne ka taɓa harbo talotalo a daji can? Kowa ya yi dariya, don su a saninsu talotalo abin kiwo ne mai wauta da ke yawo a tsakar gida shina kumbura wuya. Na ce mishi ƙanena wancan daban wannan daban, na dajin in ka ganshi sau ɗaya ba za ka ƙara raina shi ba. Na zauna Girinsboro a jihar Karolina ta Arewa, inda 'yan Nijar suke da yawa sosai, can na koyi abin, shi yasa na ce bari in rubuta yadda ake yi tun daga farko.

Abu na farko ka ajiye duk farautar da ka sani ta gida. Mu nan Adar in an fita neman zabin daji ko zomo ai taro ne, karnuka da sanduna da ihu, a tada nama a bishi da gudu. Can kai kaɗai ne ko ku biyu, zaune, shiru, kuma ba kai ke zuwa wurin tsuntsun ba shi ake so ya tako da ƙafarshi ya iso ka. Lokacin shi ne bayan sanyi ya wuce itatuwa sun fara toho, daga Maris zuwa Mayu gwargwadon jiha, wato daidai lokacin da mu nan zafi ke gasa mu. Lokacin barbararsu kenan, namijin ke kuka don mata su ji su zo, kai kuma aikinka ka kwaikwayi muryar macen har ya kasa haƙuri ya taho. Ka lura da kyau, a ɗabi'arsu mace ke zuwa wurin namiji, to kai kana son ka juya abin ne, duk wahalar farautar daga nan ta fito.

Kafin komai takardu, kuma wannan ba wasa ba ne wallahi. Wanda zamanshi a ƙasar bai bisa ƙa'ida kada ma ya taɓa bindiga, babban laifi ne a dokar tarayya. Mai takardun zama sai ya fara yin kwas na koyon ƙa'idar farauta a bashi shaida, sannan ya sayi permi a hukumar namun daji ta jiharshi. Kowace jiha da dokarta, suna fitar da ɗan littafi kowace shekara, ka karanta shi kaf. A Karolina ta Arewa ana buɗewa a watan Afrilu kamar mako huɗu, talotalo ɗaya kawai a rana, 2 a lokacin gaba ɗaya, kuma namiji ko mai gemu, wato tuntun gashi a ƙirji. Ba kare, ba zuba hatsi don ka jawo su, ba kunna kukansu a rediyo ko waya. Wani zai ce dokar ta yi yawa, amma wajen 1930 tsuntsun nan saura kaɗan ya ƙare saboda harbi barkatai da sare daji, sai a 1937 aka yi dokar da ke ɗaukar harajin bindigogi da harsashi tana zubawa a aikin kare namun daji, aka riƙa kamo na daji da raga ana kai su inda suka ɓace, yau miliyoyi ne kuma akwai su a duk jihohi in banda Alaska. Ni dai in na tuna yadda tsofaffi ke bamu labarin barewa da jimina a arewacin nan, ba na jin haushin dokar.

Kaya ba su da yawa. Bindiga kalibar 12 ko 20 mai watsa ƙwayoyi, harsashi lamba 4, 5 ko 6. Kafin ranar ka je filin gwaji ka zana kan talotalo da wuyanshi a kwali, ka ja baya mita 30 ka harba ka ga inda ƙwayoyin suka taru, don kowace bindiga da halinta. Tufafi masu ganye-ganye irin na soja tun daga hula har safar hannu da abin rufe fuska. Ɗan matashi na zama, kada ka raina shi, awa biyu bisa saiwar itace ba daɗi. Sai abin kira, akwai ɗan akwatin katako mai murfi da ake gogawa, akwai faifan allo da ɗan tsinke, akwai kuma na sakawa cikin baki a manne da ganɗa. Sabon shiga ya fara da akwatin. Na bakin ya fi amfani don hannunka biyu na bisa bindiga amma ni wata guda na yi ina kakarin amai kafin ya fitar mani da sauti mai kama da na tsuntsu, abokan kwanana har sun gaji da ni.

Ba a fafe gora ranar tafiya, sati ɗaya ko biyu kafin a buɗe ka je dajin da hannu banza. Mu muna zuwa dajin gwamnati na Yuwari, kudu da Girinsboro kamar awa ɗaya a mota, in kuma gonar mutum ce sai da izininshi. Ka tsaya bisa tudu da asuba ka saurara, kukan namiji na iya kai fiye da kilomita in iska ta kwanta. Bisa itace suke kwana, sau da yawa kusa da rafi, gari na wayewa su diro. Ka duba ƙasa, sawu mai yatsu uku, gashin da ya zube, inda suka tona busassun ganye kamar kaji, har kashinsu na magana, na namiji dogo ne mai lanƙwasa a baki kamar ƙugiya, na mace a murɗe yake dunƙule. Wata dabara kuma, da magariba ko da duhun asuba ka yi kukan mujiya, da rana na hankaka, namijin sai ya amsa ba tare da ya shirya ba, ka gane inda yake ba ka tada mishi hankali ba.

Ranar farauta ka iso da sauran duhu, ni a bakin mota nike sallar asuba in lokaci ya shiga sannan in shiga dajin, tocila a kashe in ka kusa. Ka matsa kamar mita 100 zuwa 150 daga itacen da ya kwana, kada ka wuce haka. Ka nemi itace mai kauri wanda ya fi faɗin kafaɗunka ka jingina, gwiwa ɗaya a tsaye bindiga bisa gwiwar tana kallon inda kake zaton zai ɓullo. Ka guji barin rafi ko shinge ko kwari tsakaninku, tsuntsun da ke iya tashi da gudu kamar mota sai kaga ɗan shingen waya ya tsaida shi shina kai da komo ya ƙi tsallakewa.

To nan ne aikin yake. In haske ya fara ka yi kira a hankali sau uku ko huɗu, kamar mace da ta farka. In ya amsa to ya ji, kuma ya san daidai inda kake, ka yi shiru. Kuskuren da kowa ke yi, nima na yi shi, daɗin amsawar ke ɗaukarka ka yi ta kira shi kuma ya yi ta amsawa, kana jin kai gwani ne, alhali shi ya tsaya wuri ɗaya ya baje wutsiya shina jiran wannan mace mai zumuɗi ta zo da kanta. Kamar zance ne, yarinyar da ta cika kiran saurayi a waya ai ba shi zai sha wahalar zuwa ba. Ka ja aji. Minti 15 ko 20 tsakanin kira, wani lokaci ma ka ɗan tona ganye da hannu kawai kamar tana kiwo bata damu da shi ba.

Kuma in ya daina kuka kada ka ce ya tafi, sau da yawa tahowa yake. Fitata ta biyu wani ya amsa mani har sau biyar sannan tsit, na jira na jira ƙafata ta mutu sauro na cizo na ce kai wannan ya bi mata, ina miƙewa sai fuuu daga hagu na, bai fi taku 20 ba, ashe ya zagayo ta baya shina leƙena tun ɗazu. Na tsaya riƙe da bindiga kamar dogari. Hancinshi ba komai ba ne amma idonshi bala'i, shina ganin kala kuma shina ganin kusan duk kewayenshi ba sai ya juya sosai ba, motsin yatsa ya isa. In dole ka gyara bindiga ka bari sai kanshi ya shiga bayan itace ko ya juya wutsiyar da ya baje ta rufe mishi ido. In da safe mata na gaske sun kwashe shi kada ka koma gida, wajen ƙarfe 9 ko 10 sukan zame su tafi sheƙa wurin ƙwai su barshi shi kaɗai, a lokacin ya fi saurin zuwa. Sai dai ka duba dokar, wasu jihohi da tsakar rana ake tashi.

Kada ka harba sai ka ga gemun da idonka, wani tuntun baƙin gashi ne da ke rataye a ƙirji, na babba ya kai taki guda, na saurayi ɗan guntu ne kuma gashin tsakiyar wutsiyarshi ya fi na gefe tsawo. Ka bari ya shigo mita 30 zuwa 35, in ya dunƙule shina taƙama ka yi ɗan sauti ya miƙe wuya, ka auna inda fatar wuya ta haɗu da gashi. Jiki ba a harbi, gashin fiffike kamar sulke ne sai dai ka raunata shi ya je ya mutu a banza. Ka yi bismilla kafin ka danna, wuƙa mai kaifi na aljihu, ka kulle bindiga ka isa da sauri, in da sauran rai ka yanka. Ka yi hattara da tsinin bayan ƙafarshi in shina shure-shure, yana tsaga hannu.

Maganar tsaro kuwa, ka tuna kai ka ɓoye kana kukan tsuntsu a dajin da wasu ke yawo da bindiga. Kada ka sa ja ko fari ko shuɗi, kalar kan namijin kenan, har farar safa ko hankici. Kada ka laɓaɓa kana bin kuka, ƙila mutum ne irinka. In ka hango wani maharbi kada ka ɗaga hannu ko ka motsa, ka yi magana da ƙarfi da muryar mutum. In za ka fito da naman ka sa shi a jaka ko ka naɗe shi da tsumma mai ruwan lemu. Sai kaska, ƙanana ne ba kamar na shanunmu ba kuma suna sa ciwo, ka fesa magani a kaya ka cusa wando cikin safa, ka duba jikinka in ka koma.

Kafin ka ɗauke shi daga inda ya faɗi ka cika katin da aka baka tare da permi, sannan ka sanar da hukuma ta waya ko intanet su baka lamba. Babban namiji kan kai kilo 8 zuwa 10, ka cire kayan ciki da wuri in rana ta yi. Ƙirjin ba shi da kitse, ka yanka shi ƙanana ka yi tsire da yaji da ƙuli in ka samu a shagon 'yan Afirka, kada ya daɗe bisa wuta. Cinyoyin kuwa tauri gare su ga jijiya kamar waya, turawa da yawa ba su damu da su ba, ni karɓewa nike in zuba a tukunya awa uku ko huɗu da albasa da tattasai, ranar duk wanda ya tashi daga aiki gidanmu ya ke biyowa da tuwo.